Friedrich Welwitsch: Likitan da ya sanar da duniya tsiro mai ganye biyu

A ranar 3 ga Satumba, 1859, a hamadar da ke kudancin Angola kusa da gaɓar teku, wani bature masanin tsirrai ya yi kiciɓis da wani abu da ke shimfiɗe a kan yashi tamkar tarin tsummokara. Da ya matsa kusa, sai ya tarar tsiro ne mai rai, irin wanda babu labarinsa a littattafan da ya karanta. Mutumin shi ne Friedrich Welwitsch, kuma tsiron yana ɗauke da sunansa har yau.

An haifi Welwitsch a ranar 25 ga Fabrairu, 1806, a garin Maria Saal na ƙasar Ostiriya. Ya karanci likitanci da ilimin tsirrai a birnin Biyana, ya kuma yi aikin likita na ɗan lokaci, amma hankalinsa ya fi karkata ga tsirrai. A 1839 ya isa Fotugal, inda ya shafe shekaru yana kula da lambunan bincike. A 1853 gwamnatin ƙasar ta tura shi Angola, wadda take yi wa mulkin mallaka a lokacin, domin ya tattaro bayanan tsirrai da dabbobinta. Ya shekara kusan takwas yana ratsa dazuzzuka da hamada, yana fama da zazzaɓi, har ya haɗu da mai yawon bincike David Livingstone a Golungo Alto a 1854.

Tsiron da ya gani ya sha bamban da sauran tsirrai. Ganye biyu tak yake riƙewa tsawon rayuwarsa, ba ya zubar da su, ba ya kuma sake wasu. Ganyayen suna ci gaba da tsawo daga tushensu, yayin da iska da zafin rana ke yayyaga ƙarshensu, har mai kallo ya zaci suna da yawa. Gangar jikinsa gajera ce mai faɗi, saiwarsa kuma tana nutsawa cikin ƙasa neman danshi a yankin da ruwan sama ke da ƙaranci ƙwarai. Namiji daban yake da mace, kuma masana sun ƙiyasta cewa wasu daga cikinsu sun haura shekara 1,000. A hamadar Namib kaɗai yake fitowa da kansa, tsakanin Angola da Namibiya.

Mutanen yankin sun daɗe da sanin tsiron, kuma Welwitsch ya ba da shawarar a kira shi Tumboa, daga sunan da ya ji a bakinsu. Sai dai Joseph Hooker na lambun Kew da ke Ingila, wanda ya wallafa cikakken bayaninsa a 1863, ya zaɓi karrama baturen, ya sa masa suna Welwitschia mirabilis. Haka sunan gida ya koma gefe a littattafan kimiyya.

Welwitsch ya koma Fotugal a 1861 da dubban samfurori, sannan ya wuce Landan a 1863 domin ya yi nazarinsu tare da tarin da ke can. Aikin ya ja lokaci, dangantakarsa da gwamnatin Fotugal ta yi tsami, har aka dakatar da albashinsa. Duk da haka ya fitar da littafinsa Sertum Angolense a 1869. Ya rasu a Landan ranar 20 ga Oktoba, 1872, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green.

Mutuwarsa ba ta kawo ƙarshen taƙaddamar ba. A wasiyyarsa ya bar wa gidan tarihin Birtaniya mafi kyawun kason samfurorin, Fotugal kuwa ta garzaya kotu bisa hujjar cewa da kuɗinta aka tattaro su. Bayan shekara uku ana shari'a, aka daidaita cewa Lisbon ta ɗauki kaso na farko, Landan ta riƙe na biyu. Ƙasashen Turai biyu ne suka raba kayan, ba a kuma sanya Angola, inda aka ciro su, cikin maganar ba.

A yau hoton tsiron yana cikin tambarin ƙasar Namibiya, kuma da sunansa ake kiran ƙungiyar wasan rugby ta ƙasar.