Alimotu Pelewura: Mai sayar da kifin da ta tsaya wa matan kasuwar Legas

An haifi Alimotu Pelewura a Legas wajen shekarar 1865. Bayarabiya ce Musulma da ba ta yi karatun boko ba, ta kuma gaji sana'ar sayar da kifi daga mahaifiyarta. Ta zama shugabar kasuwar Ereko, sannan daga shekarun 1920 ta jagoranci Ƙungiyar Matan Kasuwar Legas, wadda ta ƙulla ƙawance da Herbert Macaulay da jam'iyyarsa ta NNDP.

Matan da ta wakilta ba su da albashi ko fansho, kuma babu dokar ƙwadago da ta san da zamansu. Kariyarsu ta fito ne daga aljihunsu: kowace mace tana biyan ɗan kuɗi duk mako, ana ɗaukar lauyoyi da akawu masu rubuta takardun koke. Ta haka matan da ba sa iya karatu suka riƙa tunkarar Turawan mulkin mallaka a hukumance.

An ga amfanin wannan tsari a 1940, lokacin da gwamnati ta ɗora haraji a kan duk macen da ke samun fam 50 zuwa sama a shekara. A watan Disamba matan suka rufe kasuwanni, suka yi tattaki zuwa ofisoshin gwamnati ɗauke da takardar koke da suka dangwala wa yatsa. Ba a soke harajin ba, amma an ɗaga mizaninsa zuwa fam 200, abin da ya tsame mafi yawansu.

A 1941, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta ƙayyade farashin abinci ƙarƙashin Kyaftin Pullen, matakin da ya cinye ribar 'yan kasuwa. Pelewura ta yi shekara huɗu tana yaƙar shirin har aka janye shi a 1945. A shekarar ce kuma ƙungiyarta ta tallafa wa ma'aikatan da suka shiga yajin aikin gama-gari.

An naɗa ta Erelu ta Legas a 1947, ta rasu a 1951.

Har yau masu talla da 'yan tebur a Najeriya suna fama da haraji barkatai da rushe rumfuna ba diyya. Tarihin Pelewura ya nuna cewa hukuma ta saurari irin waɗannan mutane ne a lokacin da suka mallaki ƙungiya, asusu da lauya.