Abebe Bikila: Gwarzon Da Ya Ci Tsere Ba Takalmi

Wata uku ke nan ina zagaya tafkin Jabi a nan Abuja kullum da sassafe, ina shirin shiga gudun fanfalaki karo na farko, wato tseren kilomita 42.195. Tsadar takalmin gudu ta kusa kashe mini gwiwa, sai tarihin wani bawan Allah ya farfaɗo da ni.

Shi dai Abebe Bikila an haife shi ne ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato na ƙasar Habasha. Ya taso yana kiwo, daga baya ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie. A nan ne wani mai horarwa daga Suwidin, Onni Niskanen, ya gano baiwarsa, ya riƙa horar da shi a tsaunukan Adis Ababa, inda ƙarancin iska ke ƙara wa jiki juriya.

A gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum, takalmin da aka ba shi bai yi masa daidai ba, sai ya fita da ƙafa tsirara. Tun kafin ranar, shi da malaminsa sun bi hanyar, sun zaɓi inda zai ƙara wuta: gindin ginshiƙin dutsen Aksum, wanda Italiya ta kwashe daga ƙasarsa a 1937. Haka kuwa aka yi. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinaren Olamfik. A Tokiyo a 1964, bai fi mako shida da yi masa tiyatar afendis ba, ya sake yin nasara.

A 1969 haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu. Duk da haka bai saduda ba, ya koma gasar harbin kibiya a kan keken guragu. Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.

Darasin da na ɗauka shi ne, tun ran gini ran zane. Jiki yana son horo a hankali, zuciya kuma tana son sanin hanya tun kafin ƙafa ta taka ta. Don haka na sayi takalmi daidai aljihuna, kuma da zarar an sanar da hanyar tseren, zan je in zaɓi nawa ginshiƙin.