Ernest Gann: Matuƙin jirgin da ya jefar da lambarsa, ya koma sayar wa Hollywood labarin sama

A kamfanonin sufurin jiragen sama na Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ita ce ranar da ake ba shi lamba a jerin matuƙan kamfanin, kuma wannan lamba ce take mulkin rayuwarsa har ya yi ritaya. Ita take yanke irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da lokacin da zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu ta kyaftin. Duk wata idan aka fitar da jadawalin tafiye-tafiye, wanda ya riga shiga aiki shi yake fara zaɓa, na ƙasa ya kwashi abin da ya rage: tashin tsakar dare, aikin ranakun biki, ko zaman ko-ta-kwana a gindin wayar tarho. Idan kasuwa ta faɗi kuwa, daga ƙasan jerin ake fara sallama. Lambar Ernest Kellogg Gann a kamfanin American Airlines ita ce 267, kuma da hannunsa ya ajiye ta.

An haifi Gann ranar 13 ga Oktoba, 1910 a birnin Lincoln na Jihar Nebraska. Mahaifinsa babban jami'i ne a harkar kamfanonin tarho, ya kuma so ɗan ya gaje shi, amma hankalin yaron yana wajen kyamara da dandalin wasan kwaikwayo. Ya yi makarantar horon soja ta Culver, ya shiga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Yale, ya bari bai kammala ba, ya tafi New York neman abinci a gidajen wasa da kamfanin shirya fina-finan labarai. Tuƙin jirgi sha'awa ce kawai ya fara da ita a tsakiyar shekarun 1930. Da aikin fim ya ƙi ci, ga iyali a wuyansa, sai sha'awar ta zama sana'a. A 1938 American Airlines ya ɗauke shi mataimakin matuƙi a jiragen DC-2 da DC-3.

Zamanin da ya shiga aikin, ƙungiyar matuƙa jiragen fasinja, wadda aka kafa a 1931, ta riga ta samu hukuncin da ya taƙaita tuƙi zuwa sa'o'i 85 a wata, tsarin bin lamba kuma ya kafu. Matuƙan sun rungume shi ne saboda sun ɗanɗani abin da ya gabace shi, lokacin da manaja yake iya ɗaga wanda ya yarda ya tashi cikin hadari, ya danne wanda ya ce a jira gari ya washe. Lamba ba ta san ɗan gida ba, ba ta san mai kai gulma ofis ba. Aibinta shi ne ba ta san gwani ba, kuma ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Ma'aikacin gwamnati yana iya sauya ma'aikata ya tafi da shekarun aikinsa. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin yana tuƙi, in ya ƙetara wani kamfani, ƙasan jeri zai koma, ya zauna a dama da yaron da bai kai sa'ar ƙanensa ba.

Gann ya yi zaman dama a hanyar da ke tsakanin Newark da Cleveland, wadda ake sauka a garuruwa da yawa, ga ƙanƙara ga hazo. A nan ya haɗu da kyaftin ɗin da ya riƙa ƙyasta masa ashana a gaban hanci yayin da yake ƙoƙarin saukar da jirgi da dogaro ga na'urori kaɗai, don ya koya masa riƙe hankali ko da wuta ta tashi a ɗakin tuƙi. Gann ya ji haushi a ranar, daga baya kuma ya rubuta labarin da godiya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe masa duniya. Yana cikin matuƙa farar hula da aka ba rundunar dakon kaya ta sojan saman Amurka aro. Ya yi jigila ta arewacin Tekun Atlantika, daga Maine zuwa Labrador da Girinlan da Aisland, inda ake neman filin sauka a ƙarshen wani siririn mashigin ruwa tsakanin duwatsu. Ya kuma kai har Indiya, wadda jiragen dakon kayan Amurka suke isa a lokacin ta Burazil, su ƙetara teku zuwa Akara, su bi ta Kano da Maiduguri da Khartum. A Agra, jirginsa ƙirar C-87 da aka cika wa mai fiye da kima ya kasa yin sama da sauri bayan tashi, saura ƙiris ya daki ginin Taj Mahal. A watan Fabrairun 1943 kuma ya shiga neman wani abokin aikinsa da ya yi saukar dole a kan daskararren tafki a dajin arewacin Kanada. Daga wannan nema ya samu littafinsa Island in the Sky na 1944.

Bayan yaƙi ne ya yi zaɓin da ya sauya masa rayuwa. Kamfanin jiragen ruwa na Matson ya buɗe reshen jiragen sama tsakanin Kalifoniya da Honolulu. Komawa zirga-zirgar cikin gida ta gundure shi bayan ya saba da ƙetare teku, ga shi kuma E. L. Sloniger, wanda yake riƙe da lamba ta ɗaya a American Airlines, ya ajiye tasa ya tafi can. Gann ya bi sawunsa. Hukuma ba ta ba Matson izinin jigilar fasinja a kan jadawali ba, a hanyar da kamfanin Pan American ya daɗe da kafa ƙafa, reshen ya rufe, matuƙan suka wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Ƙofar komawa tsohon kamfani a buɗe take, amma daga ƙasan jeri. Gann ya ɗan yi aiki da kamfanin haya na Transocean, sannan ya bar tuƙin fasinja.

A kwanakin Matson ne wani abu ya same shi wanda ya zama ƙashin bayan tunaninsa. Yana tahowa daga Honolulu da DC-4, jirgin ya riƙa wata 'yar karkarwa da ba a gane dalilinta ba. Bayan sauka aka tarar wani ƙusa ya zare daga maƙalar fiffiken wutsiya, kuma injiniya ya nuna masa cewa da ya rage gudu yadda aka saba, da jirgin ya kife. A ƙarshen Mayun 1947 wani DC-4 na kamfanin Eastern ya faɗi a Maryland da mutum 53, kuma Gann ya danganta faɗuwar da irin wannan matsala. Bai iya samun wata gwaninta tasa da ta raba shi da wancan matuƙi ba.

Rashin lambar ya zame masa alheri ta wata fuska, domin ya zauna ya yi rubutu. An mayar da Island in the Sky fim a 1953, John Wayne ya fito a ciki, William Wellman ya ba da umarni. A shekarar ya fitar da The High and the Mighty, labarin jirgin fasinja da injinsa ya kama wuta tsakanin Honolulu da San Francisco, aka yi fim ɗinsa a 1954, shi da kansa ya rubuta wasan. Abin lura shi ne Wayne bai fito a kyaftin ba. Ya fito ne a Dan Roman, tsohon matuƙi mai tarin gogewa da ya ƙare a kujerar dama ƙarƙashin kyaftin matashi, wanda Robert Stack ya taka. Mai kallo na iya ɗauka dabarar marubuci ce, amma duk matuƙin da ya san yadda jeri yake aiki ya san irin waɗannan dattawa da idonsa. Fim ɗin ya yi kasuwa, kiɗan Dimitri Tiomkin ya ci kyautar Oscar, kuma shi ya shimfiɗa salon da fina-finan haɗarin jirgi suka bi shekaru da yawa: a tara fasinjoji kowa da damuwarsa, sannan a jefa su cikin tashin hankali ɗaya. Salon ya tsufa har aka yi masa ba'a a fim ɗin Airplane! na 1980, inda Stack ɗin nan ya sake fitowa.

Littafin da matuƙa suka fi riƙewa shi ne Fate Is the Hunter na 1961, ma'ana ƙaddara ita ce mafarauciya. Tarihin shekarunsa ne a sama, kuma ya buɗe shi da shafukan sunayen matuƙa kusan ɗari huɗu da suka mutu a bakin aiki. Hollywood ta sayi sunan littafin, ta fitar da fim a 1964 da Glenn Ford da Rod Taylor, amma labarin binciken wani haɗari ne da ba ya cikin littafin. Gann ya fusata ya nemi a cire hannunsa daga rubutun wasan. Daga baya ya amsa cewa fushin ya jawo masa asarar kuɗi, domin gidajen talabijin sun yi ta maimaita fim ɗin.

Teku ma ta ja shi. Ya mallaki jirgin ruwa mai filafilai mai suna Albatros, ya yi rubutu a kan masunta da matuƙan ruwa, kuma tekun ce ta cinye babban ɗansa a 1973, lokacin da igiya ta share shi daga kan jirgin dakon mai a mashigin Alaska. Littafinsa a kan kewaye dutsen Masada da Rumawa suka yi ya zama fim ɗin talabijin a 1981. Tun 1966 ya koma wata gona a tsibirin San Juan na Jihar Washington, inda shi da matarsa ta biyu suka ba da filaye don kada a yi gini a kansu. A can ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1991, yana da shekara 81.