Ernest Solvay: Mutumin Da Ya Yi Arziki Da Rage Shara A Masana'anta

A tsakiyar ƙarni na 19, masu haɗa gilashi da sabulu da takarda a Turai duk sun dogara ne da wani farin gari mai suna soda, ɗan'uwan kanwar da muka sani. Hanyar samar da shi a lokacin ita ce wadda Bafaranshe Nicolas Leblanc ya ƙirƙiro a 1791, inda ake dafa gishiri da ruwan asid, sannan a gasa da kwal da dutsen farar ƙasa. Soda na fitowa, amma tare da hayaƙin asid mai ƙone gonaki da bishiyoyi, da tulin shara mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda nauyinta ya zarce na sodar kanta. Abin ya kai ga majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka a 1863, ta tilasta wa masana'antu kame kashi 95 cikin ɗari na hayaƙin.

A wannan shekarar ce wani matashi ɗan Beljiyam, Ernest Solvay, ya kafa kamfani tare da ƙanensa Alfred. An haife shi a garin Rebecq ranar 16 ga Afrilu, 1838. Ciwon ƙirji ya hana shi shiga jami'a, sai ya kama aiki a masana'antar iskar gas ta kawunsa, inda ya riƙa gwaje-gwaje da amoniya. A 1861 ya yi rajistar hanyar haɗa soda daga ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa da amoniya. Wasu sun riga shi gano dabarar, amma sun kasa cin riba da ita, domin amoniya na da tsada kuma tana zurarewa.

Nan ne gwanintarsa take. Ya gina doguwar hasumiya inda ruwan gishiri ke gangarowa, iskar kabon na hawa, suna gauraya ba tare da an tsayar da aiki ba. Sannan ya tsara yadda za a ƙwato kusan dukkan amoniyar a mayar da ita cikin aikin. Kwal ya ragu, asid ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Masana'antarsu ta Couillet ta fara aiki a 1865, ta kusa durƙushewa, dangi da abokai suka tallafa da kuɗi har ta miƙe.

Daga nan kasuwa ta yanke hukunci. Ludwig Mond ya sayi izinin amfani da dabarar a Ingila a 1872, aka kafa kamfaninta a Amurka a 1881. Farashin soda ya faɗi, sabulu da gilashi suka yi araha, kuma kafin 1900 mafi yawan sodar duniya ta hanyar Solvay ake yin ta. Doka ta rage wa masana'antun Leblanc hayaƙi, amma tsadar aiki ce ta rufe su. Kalmar da ake yayi yanzu, kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli, ba ta samu shahararrun ƙa'idojinta 12 ba sai a 1998, amma biyu daga cikinsu, hana shara tun daga tushe da rage cin makamashi, su ne jarin mutumin nan.

Ba za a wanke shi tas ba. Ba kishin muhalli ya motsa shi ba, neman sauƙin kuɗin aiki ne, kuma hanyarsa tana da nata dattin. Farin laka mai gishiri da masana'antar Syracuse ta zubar shekara da shekaru yana cikin abubuwan da suka lalata tafkin Onondaga a jihar New York.

Dukiyar ta kai shi siyasa. Ya zama sanata, aka ba shi muƙamin ministan ƙasa a 1918. Ma'aikatansa sun samu fansho da aikin awa takwas tun kafin doka ta wajabta, da hutu mai albashi a 1913. A 1911 ya ɗauki nauyin taron da ya haɗa Albert Einstein da Marie Curie da Max Planck a Brussels, kuma lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1914 yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin ciyar da jama'a. Ya rasu ranar 26 ga Mayu, 1922, yana da shekara 84.