Waliyyi Damiyan, Fadan Kutare na Molokai

A shekara ta 1865, Sarki Kamehameha na Biyar, mai mulkin tsibiran Hawai a Tekun Fasifik, ya amince da dokar hana yaɗuwar kuturta. A wancan zamani babu magani, ba a ma san mafarin cutar ba, sai hukumar lafiya ta ga babu dabara illa a ware masu ita. Daga Janairun 1866 aka fara kwasarsu cikin jirgin ruwa ana zubewa a Kalawao, wani zirin ƙasa a tsibirin Molokai, wanda teku ta kewaye ta gefe uku, dogon dutse kuma ya tare na huɗun. Hukuma ta ɗauka za su noma abin da za su ci. To, ina mai guntayen yatsu zai riƙe fartanya?

Wannan wuri ne Fada Damiyan ya roƙi Bishof Maigret ya tura shi. An haife shi a Tremelo ta ƙasar Beljiyam a 1840, ɗan manomi, sunansa na yanka Yusufu De Veuster. Ya zo Hawai ne a madadin wansa da ciwo ya kwantar, aka naɗa shi firist a Honolulu a 1864. Ran 10 ga Mayu 1873 ya sauka a Molokai, a gindin itace ya yi kwanakinsa na farko.

Mun fi tunawa da shi a gaban bagadi, amma yawancin yininsa da guduma da zarto ya yi shi. Ya tarar da mutane cikin bukkoki masu yoyo, sai ya haɗa masu sauran ƙarfi suka gina ɗakunan katako. Ya yi aikin jawo ruwa da bututu, domin ba a wanke gyambo da ruwan da ba a samu ba. Ya ɗaure miki, ya tara marayu, ya ƙera akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura da hannunsa. Ya dami hukuma da wasiƙun neman abinci da tufafi da magani, har wasu suka ɗauke shi mai taurin kai da saurin fushi. Ba duka ne ƙazafi ba. Amma a ganinmu, mai sanyin hali da bai samo musu rabin abin da ya samo ba.

Dokar ba ta bar shi ba shi ma. Akwai ranar da aka hana shi hawa jirgin da ya kawo shugabansa, sai daga cikin kwalekwale ya ɗaga murya ya furta zunubansa.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa cikin tafasasshen ruwa bai ji zafi ba. Ya san ma'anar haka. Ya ci gaba da gini, har Sista Mariyana Cope da 'yan'uwanta suka iso a 1888. Ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889, yana da shekara 49.

Abin mamaki, a shekarar da ya sauka Molokai ne likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar. Magani mai warkarwa bai samu ba sai cikin shekarun 1940, kuma Hawai ba ta soke dokar wariyar ba sai 1969, bayan an kai wurin mutum wajen 8,000. A yau mun san yawancin mutane ba sa kamuwa da kuturta ko sun yi cuɗanya da mai ita, tana kuma warkewa da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12.

An mai da gawarsa Beljiyam a 1936. A 1995 aka komo da hannunsa na dama aka binne a tsohon kabarinsa na Kalawao. Paparoma Benedict na 16 ya sanya shi cikin waliyyai ran 11 ga Oktoba 2009.