Lev Yashin: Golan da Aka Yi wa Ihu Kafin a Karrama Shi

Duk sanda mu 'yan Zobe muka haɗu a Kaduna ko Abuja, hira takan kai mu ga gololin filayen Dutsin-Ma da Kurfi: wane gwani, wane kwando. Rayuwar Lev Yashin ta isa ta sa mu sassauta hukunci.

An haife shi a Mosko a 1929, ya tsare ragar Dynamo shekara 20. Da Chile ta fitar da Tarayyar Sobiyat daga Gasar Kofin Duniya a 1962, 'yan ƙasarsa suka ɗora masa laifi, har ya so ajiye wasa. A 1963 ya lashe Ballon d'Or, kyautar da har yau wani gola bai sake samu ba. Ya mutu a 1990.

Mu tuna da shi kafin mu yi wa yaranmu ihu.