Burt Munro: Tsohon da ya zuba fistin a gwangwani

Duk wanda ya taɓa zama a garejin babura a Kutama ko Gwarzo ya san musun nan: me ke sa mashin ya fi wani gudu? Wani ya ce kaya ne, wani ya ce kuɗi, wani ya ce hannun bakanike. Irin musun da ake yi ke nan a tseren gajeren zango na Amurka, inda motoci biyu ke fizga a miƙaƙƙen titi na mita 402, ko 305 ga manyan cikinsu. Ni dai in aka zo nan, mutum ɗaya ke faɗo mini a rai, shi ne Burt Munro.

An haife shi ranar 25 ga Maris, 1899, a yankin Invercargill, can ƙarshen kudancin Niyuzilan. Ɗan manomi ne. Ya yi aikin haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin dutse a Otira, ya yi tseren babur a Ostireliya, daga baya ya dawo gida yana sayar da babura yana kanikanci.

A 1920 ya sayi babur ƙirar Indian Scout mai injin cc 600. Iyakar gudunsa kilomita 89 a awa, wato ko mashin ɗin acaɓa zai iya kamo shi. Daga 1926 ya fara taɓa injin, kuma bai daina ba sama da shekara 40.

Ba shi da kuɗin sayen kayan tsere, sai ya koma ƙera nasa. Fistin narka ƙarfe yake yi ya zuba a tsohon gwangwani, kusan yadda masu zubin tukunya ke yi a garuruwanmu. Kwanrod kuwa daga tsohon aksul yake sassaƙo shi. A hankali ya buɗe injin har ya kai cc 950. Bayan aurensa ya mutu, garejin nan ya zama ɗakin kwanansa. Yakan gwada babur ɗin a rairayin bakin teku na Oreti, injin ya fashe, ya kwashe ya koma gida, ya duba abin da ya karye, ya ƙera wani.

A 1962, yana ɗan shekara 63, ya kai babur ɗin filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta ta Amurka, ya kafa tarihi da kilomita 288 a awa. Ranar 26 ga Agusta, 1967, ya kafa wanda ya fi shahara: sama da kilomita 295 a awa, a rukunin babura masu rufi da ba su kai cc 1000 ba. Lokacin shekararsa 68, babur ɗin 47, ga ciwon zuciya yana fama da shi. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1978. A 2005 aka yi fim a kansa, Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa.

To wa ya ci musu? A ganina gwaninta ce ta ɗauki kaso mafi girma, amma ba ita kaɗai ba. Rashin kuɗi ya ci masa shekaru. Abin da kamfani zai gwada a wata guda, shi sai ya shekara a kai. A Bonneville ma sai da abokai Amurkawa suka riƙa tura masa babur suna taimaka masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma fa kuɗi fistin kawai zai saya maka, ba zai gaya maka dalilin da na jiya ya narke ba.

Nan ne abin ya shafe mu, mu ’yan ajin ƙarshe. Da yawanmu na kukan tsadar kayan furojet, kuma gaskiya ne, kaya sun yi tsada. Sai dai wasu biya suke yi a haɗa musu, ranar kare aiki a tambaye su aikin waya ɗaya su kama inda-inda. Gara ka shiga Ƙofar Ruwa ka tsinto tsohon ƙarfe, ka ɓata sau uku, ka gane dalili.

’Yan uwa masu ganganci da mashin ranar kai amarya kuma, ku lura: Munro fili yake nema, da hular kwano da masu auna lokaci. Titin Gwarzo na masu zuwa kasuwa ne.